Alhakin jinin nan a wuyan wa yake: mai harbi, mai wa'azi ko mai biyan kuɗi?

Abban Hafsat:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta da natsuwa. Duk lokacin da aka kai hari aka kashe bayin Allah, a Borno ne, a Mali ne ko a Somaliya, abin da za ka fara ji shi ne, ai daga waje ake turo musu kuɗi. Gwamnati ta faɗa, malami ya faɗa, mai sharhi a rediyo ya faɗa. Da an faɗa kuma sai zance ya mutu, kamar an kammala bincike. Ban ce babu hannun waje ba. Amma yaron da ya ɗaura bam ya shiga sahun sallah, ɗan wa ne? Wa ya karantar da shi cewa jinin masallatan nan ya halatta? Sannan na wajen da ake ta ambato, me ya hana a kira sunansa a gurfanar da shi? Masu ilimi a cikinmu ku taimaka.

Kwamared:
Wa alaikumus salam Yaya. Sunan ai ba a ɓoye yake ba. A watan Disamba na 1979 sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga Afganistan. Daga lokacin har suka fice a 1989, hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta zuba wa mujahidai biliyoyin daloli, Saudiyya kuma tana zuba kwatankwacin abin da Amurka ta zuba. Kuɗin ta hannun hukumar leƙen asirin Pakistan, wato ISI, yake bi, a zamanin Janar Ziya'ul Haƙ, kuma su ke zaɓen wanda za a ba. Ba masu sassauci suka fifita ba. Gulbuddin Hekmatyar, wanda yana cikin mafi zafinsu, shi ya fi kowa samun kaso. A 1986 har makamin Stinger mai kakkaɓo jirgin sama aka ba su. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne littattafan firamare da aka buga wa yaran Afganistan da kuɗin gwamnatin Amurka ta hannun Jami'ar Nebraska, ana koya wa yaro ƙirga da hoton bindiga da harsashi. Da Sobiyet ta fita kowa ya kakkaɓe rigarsa ya tafi, aka bar ƙasa cike da makamai da marayu. A 1994 Taliban ta ɓullo, a 1996 ta kama Kabul.

Ku zo Iraƙi. Amurka ta mamaye ta a 2003, Paul Bremer, wanda ta naɗa ya mulki ƙasar, ya rusa rundunar sojan ƙasar da takarda ɗaya, dubban ɗaruruwan mutane da suka iya bindiga suka wayi gari ba aiki. Abubakar Bagadadi kansa, wanda daga baya ya shugabanci Da'ish (ISIS), ya zauna a kurkukun Amurka na Buka a 2004. Bayan shekara goma ga shi a kan mumbarin Mosul yana kiran kansa halifa. Ku zo Libiya. NATO ta yi ruwan bama-bamai a 2011, aka kashe Gaddafi, rumbunan makamansa suka tashi ba mai gadi. Shekara ɗaya ba ta cika ba arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye da masu iƙirarin jihadi. To wa ke da laifi in ba wanda ya kunna wutar ba?

Malam Babba:
Kwamared, ɗana, tarihin da ka kawo gaskiya ne, ba na jayayya da shi. Sai dai ka fara ƙirga daga 1979, ni kuwa zan fara daga shekara ta 40 bayan Hijira, lokacin da Abdurrahman ɗan Muljam ya sari Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda, yana hanyar sallar asuba a Kufa. Wace hukumar leƙen asiri ce ta biya shi? Hawarijawa, waɗanda shi ma yana cikinsu, mutane ne masu yawan sallah da karatun Alƙur'ani, amma suka kafirta Sahabbai a kan fahimtarsu ta aya. Cutar kafirta Musulmi da halatta jininsa daga cikin gida ta taso, kuma tana dawowa a kowane zamani da sabon suna. Maitatsine ya yi ta'asarsa a Kano a Disambar 1980, dubban mutane suka mutu, ba da makamin Stinger ba.

Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Wanda ya ɗana kunamar bindiga a kan mai noma a gonarsa, shi za a tambaya. Ba zai tsaya gaban Allah ya ce Amurka ce ta sa shi ba. In muka cire masa wannan alhakin muka ɗora wa wata ƙasa mai nisa, mun mai da shi kamar dabba marar hankali, kuma mun ba na bayansa uzuri tun kafin ya aikata.

Kwamared:
Allah ya gafarta Malam, na yarda mai harbi yana da laifi. Amma Hawarijawa da takobi suka yi yaƙi. Tunani kaɗai ba ya sayen motar yaƙi. A kowace al'umma akwai masu mugun tunani, abin da ke mayar da su runduna shi ne kuɗi.

Dakta:
Ku ba ni dama in shiga tsakani, don akwai wurin da nake ganin ku biyun kuna wuce shi da sauri.

Kwamared, kuɗin CIA ƙungiyoyin 'yan Afganistan aka ba ta hannun Pakistan. Larabawan da suka je yaƙin, irin su Usama bin Ladan, suna da tasu hanyar daban. Abdullahi Azzam ya buɗe ofishin hidima ga mujahidai a Feshawar a 1984, kuma abin da ke shiga ofishin gudummawar attajirai ne da ƙungiyoyin agaji da abin da ake tarawa a masallatai. Daga wannan tsarin Alƙa'ida ta fito a 1988. Ba don in wanke Amurka nake faɗin haka ba, ita ta mai da yankin kasuwar makamai. Na faɗa ne don akwai wani mai ba da kuɗi da ba ma son ambato: mutumin kirki a idon jama'a, mai sallah, mai azumi, wanda ya ji an ce 'yan'uwa na cikin wahala ya miƙa dukiyarsa bai tambayi inda za ta sauka ba. Wasu sun san inda za ta, wasu ba su so su sani ba. A wata wasiƙar sirri ta Disambar 2009 da WikiLeaks ta fallasa, ofishin Hillary Clinton, sakatariyar harkokin wajen Amurka a lokacin, ya bayyana masu ba da gudummawa daga Saudiyya a matsayin babbar hanyar kuɗin irin waɗannan ƙungiyoyi a duniya. Ba gwamnati wasiƙar ta fi nufi ba, ɗaiɗaikun mutane ne. A farkon yaƙin Siriya kuwa a fili ake tara kuɗi a Kuwait ta Twitter, a ce ka ba da kaza ka shirya mayaƙi ɗaya.

Malam, ku kuma, Allah ya ƙara lafiya, ina ganin ba za mu tsaya a kan mai harbi kaɗai ba. Ayar da ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka ai da mai ba da kuɗi take magana.

Malam Babba:
Haka ne Dakta. Mai taimako a kan kisa abokin tarayya ne a cikin jinin. Abin da na ƙi shi ne a ce laifin wannan ya goge na wancan.

Maman Sadiƙ:
Sallama gare ku. Ni ta ɓangaren kuɗin zan shiga, don mutane na zaton wata ƙatuwar jaka ce ake saukewa daga jirgi kowane wata. Kuɗin waje ya fi amfani a farko, lokacin da ƙungiya take ƙarama. Da ta kama ƙasa sai ta fara ciyar da kanta. Da'ish a lokacin ƙarfinta da man fetur da haraji da ƙwace take rayuwa, mutanen Mosul da Raƙƙa su ke biya. Alshabab a Somaliya tana karɓar haraji daga 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci har a cikin Mogadishu, Ma'aikatar Kuɗin Amurka ta ƙiyasta abin da take samu ya haura dala miliyan 100 a shekara. Tun 2012 Kwamitin Sulhu ya haramta fitar da gawayi daga Somaliya saboda ita. ISWAP, ɓangaren Boko Haram mai biyayya ga Da'ish, a Tafkin Cadi tana tatsar masunta da manoma da makiyaya. A Sahel ga haƙar zinare da satar shanu. Wato talakan da ake kashewa shi ne kuma ake tilasta wa biyan kuɗin harsashin.

Amma akwai kuɗin waje na gaske da ba a cika magana a kansa ba, kuma ba daga Larabawa yake zuwa ba. A 2014 jaridar New York Times ta yi bincike ta gano Alƙa'ida da rassanta sun karɓi aƙalla dala miliyan 125 na fansa tun daga 2008, mafi yawa daga ƙasashen Turai da ke fanso 'yan ƙasarsu. Reshen da ke Sahara yana cikin waɗanda suka fi amfana. A ceto Bature ɗaya, kuɗin ya sayi makaman da za a kashe 'yan Mali da Nijar ɗari da su. Sannan kamfanin siminti na Faransa, Lafarge, ya amsa laifi a kotun Amurka a Oktoban 2022 cewa ya biya Da'ish da Alnusra, reshen Alƙa'ida a Siriya, kusan dala miliyan 6 a 2013 da 2014 don masana'antarsa ta Siriya ta ci gaba da aiki. An ci shi tarar dala miliyan 778. Waɗannan ba aƙida ce ta sa su ba, riba ce.

Abban Hafsat:
Hajiya wannan bayanin ya shige ni. Kenan ko yau aka toshe duk wata hanya daga waje, ba za su mutu ba?

Maman Sadiƙ:
Za su ji jiki, amma ba za su mutu ba. Kuma kai hari ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Hukumar da ta binciki harin 11 ga Satumba na 2001 ta ce abin da aka kashe wajen shirya shi bai wuce dala dubu 400 zuwa dubu 500 ba. Riƙe ƙasa da ciyar da mayaƙa da iyalansu, shi ne mai cin kuɗi.

Bitrus:
Ina gaishe ku duka. Ni Kirista ne, kuma ina so in ƙara wani abu don kada a ɗauka wannan ciwon na Musulmi ne kaɗai. Joseph Kony da ƙungiyarsa ta LRA da sunan Dokoki Goma suka fito a arewacin Yuganda, suna sace yara suna yanke wa mutane leɓe da kunne. Wa ya ba su mafaka da makamai a shekarun 1990? Gwamnatin Sudan ta Umar Albashir, mai cewa tana mulki da shari'a, don ta rama goyon bayan da Yuganda ke ba 'yan tawayen kudancin Sudan. Ku duba fa, gwamnati mai iƙirarin Musulunci tana ɗaukar nauyin mai iƙirarin Kiristanci. Ƙungiyar 'yan tawayen Renamo a Mozambik, gwamnatin farar fata ta Rodeshiya ce ta raine ta, Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata ta karɓa. Gaddafi ya aika wa IRA, mai yaƙi da mulkin Birtaniya a Ailan ta Arewa, jiragen ruwa cike da makamai zuwa Ailan, har aka kama guda a 1987. Indiya ta horar da 'yan tawayen Tamil na Siri Lanka a farkon shekarun 1980, su ɗin ne kuma suka kashe tsohon firaministan Indiya Rajiv Gandhi a 1991. Mai ba da kuɗin sau da yawa bai damu da addinin wanda yake ba ba. Maƙwabcinsa yake so ya ji ciwo.

Malam Babba:
Ka kyauta ɗan'uwa Bitrus. Allah ya saka.

Abu Ammar:
Duk kun zagaye kun bar babbar mai laifi. Iran. Hizbullah, Husawan Yaman, mayaƙan Iraƙi, waɗanda suka taya Bashar Al'asad kashe mutanen Siriya. Hasan Nasrallah, shugaban Hizbullah a lokacin, da bakinsa ya faɗa a 2016 cewa kasafin kuɗinsu da albashinsu da makamansu duk daga Iran suke. Amma an fi son a yi ta kiran Saudiyya.

Dakta:
Abu Ammar, abin da ka faɗa game da Iran tabbas ne, Nasrallah bai ɓoye ba. Sai dai ka lura da yadda muhawarar nan ke tafiya duk inda aka yi ta. Mai son Saudiyya Iran kaɗai yake gani. Mai son Iran Saudiyya da Amurka kaɗai yake gani. Mai son Rasha ba ya ganin sojojin hayar Wagner da abin da aka yi a Mura ta ƙasar Mali a Maris na 2022, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da mayaƙan waje sun kashe aƙalla mutum 500. A Siriya kowa ya zuba nasa. Joe Biden yana mataimakin shugaban ƙasa ya faɗa a Jami'ar Harvard a Oktoban 2014 cewa ƙawayensu na yankin sun zuba kuɗi da makamai ga duk mai yaƙar Bashar, har abin ya kai hannun masu tsattsauran ra'ayi. Daga baya ya nemi afuwar Turkiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, amma maganar ta riga ta fita. Ita Amurkar ma tana da nata shirin na ba 'yan tawaye makamai, kuma masu bin diddigin makamai na Conflict Armament Research sun nuna a 2017 cewa wasu makaman da Amurka da Saudiyya suka saya a gabashin Turai sun ƙare a hannun Da'ish. Mutanen Halab da Idlib ne suka biya wa kowa.

Baba Tsohon Soja:
'Ya'yana, ku bari in yi maganar bindiga, don ita na sani. Kuna ta hangen jirgin da ke zuwa daga nesa. Kaso mai yawa na makaman da ke hannun waɗannan yaran daga barikin da suka auka wa suka kwasa. Duk sansanin da ya faɗi, an ba su kyautar motoci da harsasai. A 2015 firaministan Iraƙi na lokacin, Haidar Al'abadi, da kansa ya ce sun yi asarar motocin yaƙi na Humvee 2,300 lokacin da Mosul ta faɗi a 2014. Wa ya turo wa Da'ish waɗannan daga waje? Sojan da ba a biya shi haƙƙinsa ba, kwamandan da ke cin albashin sojojin bogi, su suka miƙa. Haka abin yake a Tafkin Cadi da Sahel. In aka sace kuɗin makamai a babban birni, yaro ne a bakin daga zai tsaya da harsashin da bai isa ba. Ɓarawon kuɗin makamai a wurina mai ɗaukar nauyin ta'addanci ne, ko da bai taɓa ganin ɗan ta'adda ido da ido ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ummu Yasir:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so in ɗora a kan maganarka, amma ta wani gefe mai ɗaci. Ba sata kaɗai ce gudummawar hukuma ba, har da zalunci. A 2017 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fitar da bincike bayan ta zanta da ɗaruruwan mutanen da suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka. Kashi 71 cikin ɗari suka ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani mataki ne na gwamnati, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Fiye da rabinsu kuma suka ce ba su fahimci littafin addininsu sosai ba. Ku tuna yadda aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 ba tare da shari'a ba. Da an kai shi kotu, da duniya ta ji daga bakinsa wa ke ba shi kuɗi, wa ya ɗaure masa gindi a siyasa. Aka rufe bakin da harsashi, aka bar mabiyansa da labarin shahada, Shekau ya gaji ragowar. A 2015 Amnesty ta ce sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun daga 2011. Kowane ɗaya a cikinsu yana da ƙane ko ɗa.

Ba ina ba wa kowa uzuri ba ne. Dubban mutane an zalunce su ba su ɗauki makami ba, kuma su ne mafi yawa. Amma mai neman mayaƙa ba ya samun abin da ya fi masa gawar da ba a yi wa adalci ba.

Kwamared:
To ai ga shi a Fabrairun 2025 ɗan majalisar Amurka, Scott Perry, ya faɗa a zaman wani kwamitin majalisarsu cewa kuɗin hukumar agajinsu ta USAID na zuwa hannun Boko Haram. Nasu ne ya faɗa, ba ni ba.

Dakta:
Ya faɗa, amma bai kawo hujja ba, kuma ya faɗa ne a tsakiyar rigimarsu ta cikin gida kan rufe hukumar. Ofishin jakadancinsu a Abuja ya musanta. Ka kwatanta da maganar Afganistan da ka kawo da farko: wannan akwai takardu, akwai kasafin da majalisarsu ta amince da shi, waɗanda suka yi aikin sun yi bayani. Ita ce hujja. In muka haɗa abin da aka tabbatar da abin da aka ji a bidiyon minti ɗaya muka ba su daraja ɗaya, mun raunana gaskiyar da ke hannunmu. Kuma irin wannan zargin yana da waɗanda yake cutarwa. Ma'aikatan agaji da ke kai magani sansanin 'yan gudun hijira, mafi yawansu 'ya'yan yankin ne. ISWAP ta kashe ma'aikatan lafiya mata biyu na Red Cross a 2018. Ga 'yan ta'adda na farautarsu, ga jama'a na kallonsu a matsayin masu kai wa 'yan ta'adda kuɗi.

Kwamared:
Na ji Dakta. Amma ina da tambayar da ba wanda ya taɓo. Duk wanda ya ɗauki makami aka taimaka masa daga waje ɗan ta'adda ne? Najeriya ta amince da MPLA ta Angola a 1975 a zamanin Murtala, ta ba ta kuɗi. Ƙasashen Afirka sun tallafa wa ƙungiyoyin neman 'yanci irin su ANC da SWAPO da Frelimo, kuma muna alfahari da hakan. Mandela bai fita daga jerin 'yan ta'adda na Amurka ba sai 2008. Aljeriya ba ta kori Faransa da wa'azi ba. Wa ke da ikon raba wannan da wancan? Mai ƙarfi ne kawai ke rubuta jerin.

Malam Babba:
Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan ce maka jerin da manyan ƙasashe ke rubutawa adalci ne ba. Amma mu muna da ma'auni tun kafin su rubuta nasu. Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunarsa wasiyya kada su kashe mace ko yaro ko tsoho, kada su sare itace mai 'ya'ya, kada su taɓa masu ibada a wuraren ibadarsu. Ka dubi wanda mutum ke auna wa bindiga. Wanda ya tayar da bam a babban masallacin Kano ranar Juma'a a Nuwamban 2014, wanda ya yanka ɗalibai a ɗakin kwanansu a Buni Yadi, wanda ya kwashe 'yan mata 276 a Cibok, wane mai mulkin mallaka yake kora? Kuma ko mai gaskiya a asalin yaƙinsa, ranar da ya sa bam a kasuwa ya yi ta'addanci a ranar, wanda ya ba shi kuɗi yana sane kuma ya yi tarayya.

Mu malamai ma akwai namu. Wasu sun tsaya, kuma sun biya da rayukansu. Shaikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi wa tunanin Muhammad Yusuf raddi a fili, aka harbe shi yana jan sallar asuba a 2007. Shaikh Albani Zariya ya yi raddi, aka kashe shi da matarsa da ɗansa a 2014, Shekau ya ɗauki alhaki. Amma akwai masu hawa mumbari su yi shekaru suna koya wa yara cewa duk wanda ba ya tare da su ɓatacce ne, ko mushiriki, ko maƙiyin Manzon Allah, a kowane ɓangare akwai su. Ba su ce a yi kisa ba, amma sun share fili. In wani ya zo ya ɗora mataki na ƙarshe sai su ce ba ruwansu. Da ruwansu.

Bitrus:
Malam, a majami'u ma akwai masu irin wannan harshen, kuma mun ga abin da 'yan Anti-balaka suka yi wa Musulmi a Afirka ta Tsakiya a 2013 da 2014. Kowa ya san nasa.

Abban Hafsat:
Saura tambayata ta ƙarshe ba a amsa ba. Me ya sa ba a hukunta masu ba da kuɗin?

Dakta:
Ana hukunta wasu, sai dai ka dubi su wa. Dokoki akwai su: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1999 kan hana ba ta'addanci kuɗi, ƙuduri mai lamba 1373 na 2001, ga hukumar FATF mai sa ƙasashe a jerin sa-ido. Charles Taylor na Laberiya ya taimaki 'yan tawayen RUF na Saliyo masu guntule hannaye, aka yanke masa shekara 50 a 2012. Ya cancanta. Amma a 1986 Kotun Duniya ta yanke cewa Amurka ta karya dokar ƙasa da ƙasa da ta ɗauki nauyin 'yan tawayen Kontra a Nikaraguwa. Amurka ta ƙi bin hukuncin, da aka kai Kwamitin Sulhu ta hau kujerar naƙi. Yau ga Sudan: ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na ba dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasar makamai abin gaskatawa ne, ita ta musanta, kuma ba abin da ya same ta. Ga rahotannin ƙwararrun kan Ruwanda da 'yan tawayen M23 a Kwango shekara da shekaru. A nan Kwamared yana da gaskiya.

Maman Sadiƙ:
Kuma in dokar ta tashi cizo, talaka take fara kamawa. A Nuwamban 2001 Amurka ta rufe Albarakat, babbar hanyar da 'yan Somaliya mazauna waje ke aika wa iyayensu kuɗi. Daga baya binciken nasu bai samu hujjar alaƙarta da Alƙa'ida ba, amma iyalai sun riga sun shiga wahala. Har yanzu bankuna na rufe asusun ƙungiyoyin agaji na gaskiya don gudun tara, mai mugun nufi kuma ya bi ta hannun 'yan canji ko tsabar kuɗi.

Duk da haka bin sawun kuɗi abu ne mai yiwuwa in an so. Kotu a Abu Dabi ta ɗaure 'yan Najeriya shida a 2019 saboda tura wa Boko Haram dala 782,000 daga Dubai tsakanin 2015 da 2016, aka kuma tabbatar da hukuncin bayan ɗaukaka ƙara. Ku lura, kuɗin daga waje ya zo, amma masu turowar namu ne. A 2021 gwamnatin Najeriya ta ce ta kama ɗaruruwan waɗanda take zargi da ɗaukar nauyin ta'addanci, har da 'yan canji. Abin da ya kamata mu riƙa tambaya kullum shi ne, ina shari'arsu ta kwana, a buɗe, mai laifi a ɗaure shi, marar laifi a sake shi ya koma ga iyalinsa.

Kwamared:
Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa wanda ya rusa ƙasa guda da jiragen yaƙi kasonsa ya fi na kowa girma, kuma shi ne ba a taɓa tambaya ba.

Ummu Yasir:
Ka ci gaba da tambayarsa Kwamared, ni ma ina tare da kai a kan Libiya. Amma shi ba ya jin Hausa, kuma ba mu ke zaɓensa ba. Gwamnan da ya ɗauki matasa 'yan bangar siyasa ya watsar da su bayan zaɓe yana ji. Jami'in da ya tsare yaro shekara biyar ba tuhuma yana ji. Mai tara gudummawa a WhatsApp da hoton gawarwakin yara, ba sunan ƙungiya ba rajista ba bayanin inda kuɗin ya tafi, shi ma yana ji, kuma a cikin wayoyinmu yake. Hajiya Maman Sadiƙ, don Allah in kin samu lokaci ki rubuto mana yadda mutum zai tantance ƙungiyar agaji kafin ya tura sadakarsa, don akwai masu turo irin wannan roƙon a nan ma.

Maman Sadiƙ:
In sha Allahu zan rubuto. Kafin nan, duk wanda ya ce ki tura a asusun mutum ɗaya maimakon na ƙungiya, ko ya ji haushi don kin tambayi wa zai karɓa a can da kuma yadda za a raba, ki riƙe kuɗinki ki kai wa mabuƙacin da kika sani.